Keken Safa da Marwa

Shekara ashirin da uku ina tura keke
tsakanin Safa da Marwa:
tsofaffin Indunusiya marasa nauyi kamar ƙunshin auduga,
Turkawa majiya ƙarfi masu damƙa min dabino
in mun cika zagaye na bakwai.
Ban taɓa tambayar ƙashin bayana ko ya gaji ba.
Ashe yana ƙirge.

Yanzu ya kawo lissafi.
Ina kwance a ɗakinmu na Hindawiyya, can bisa dutse,
matakala ɗari da sha ɗaya tsakanina da titi.
Ƙarfe biyu da rabi na dare yake sallama,
bai taɓa makara ba.
Ya kama ƙugu, ya gangara cinyar hagu
kamar an zura waya mai zafi har babban yatsa.

Likita Bamisire ya ɗaga hoton gaban fitila,
ya nuna da biro, nan da nan, sun goge.
Ya rubuta ƙwaya fara da ƙwaya ruwan ɗorawa.
Maƙwabcina Jatau ya ce kaffara ce, in gode.
Na ce zo ka ɗauki rabi mu raba ladan.
Juma'a biyu bai leƙo ba.
Tabawa ce kawai ba ta yi min wa'azi,
sai ta ɗuma man zaitun a murfin gwangwani
ta bi bayan da tafin hannu, tana ba ni labarin tsadar tumatir.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba.
Akwai daren da na ce, ya Rabbi,
baƙinka fa na yi ta ɗauka.
Shiru.
Sai na'urar sanyi tana tari, kyanwa na kuka a kan rufi.
Kunya ta rufe ni, bayanta kuma na lura
duk zamana a Harami ban taɓa yi maSa magana da bakina ba,
sai addu'ar hadda da nake biya wa alhazai
idona na kan agogo.

Ina sallah bisa kujerar roba.
Goshina na kewar ƙasa kamar yadda baƙo ke kewar tuwon gida.

Cikin Sha'aban jikana Nayif ya kakkaɓe tsohon keken,
ya sa wa ƙafarsa mai, ya ce Kaka, hau.
Ni da na san ƙeyar mutum dubu
ranar na fara ganin hanyar daga mazauni.
Ashe kowace gaɓar marmara tana da haƙori.
Da muka iso ƙarƙashin koren fitila
ya ce in yi sauri?
Na damƙe hannun keken, sai na tuna wata tsohuwa
da ta damƙe shi haka, idonta a rufe, leɓenta na rawa.
Na ɗauka tsoron Allah ne.
Na ƙara gudu, don wani na jirana da riyal hamsin.

Ban san sunanta ba.
Na nemi gafararta tun daga nan har Marwa.

Hajara ma sau bakwai ta duba duwatsun nan
ba ta ga komai a kansu ba.
Ruwan a ƙasa ya ɓullo, wurin da yaron ke kuka.

Ban warke ba, kada wani ya ce na ce.
Yau ma ƙarfe biyu da rabi zai zo.
Na ajiye zamzam a kofi kusa da kai,
da carbi, da ƙwayar ruwan ɗorawa.
In ya yi sallama zan amsa,
in gyara kwanciya a hankali kada Tabawa ta farka,
mu zauna, ni da shi da Mai ji,
har ladan ya kira assalatu.